Jarfar Bayan Gwiwa

SHAFI NA 31

Masu zagin Lafaele tun shafin jiya, ku rage wani abu a bakinku, don yau akwai wanda ya fi shi buƙata. Ke kuma da kika ce in na sake sa Fetu kuka za ki daina karantawa, yi haƙuri 'yar uwa, ni ma ba da son raina ba ne.

*

"Ya gudu."

Gwaggo Eseta, yayar Baba, ta faɗi maganar ba tare da ta daina matse tsumman da ke hannunta ba. Fetuao na zaune a kan dutse a bakin rafin bayan gida, bayanta a buɗe, Gwaggo na wanke mata jarfar kwana biyar da ruwan sanyi.

"Wa ya gudu?"

"Wa kike da shi mai ƙafar gudu? Yayanki mana. Motar farko ya hau. Matar fasto ta gan shi yana tafe yana ware ƙafa kamar agwagwa, jaka a kai. Yanzu haka yana cikin jirgin ruwa, ya bar mana tsibirin Savai'i da kunyarsa."

Fetu ta fashe da dariya. Dariyar ta ja mata fatar baya, zafi ya ratsa ta har ƙeya, sai ta yi shiru.

Shekara goma sha tara yayan nata Lafaele ya yi a birnin Auckland, can ƙetaren teku, sai ga shi ya dawo da tumbi da agogon zinare wai zai karɓi sarautar dangi. Baba ya ce babu mai zama a wurin zamansa sai da pe'a a jiki, jarfar nan ta maza da ke rufe mutum daga ƙugu zuwa gwiwa, kwana goma sha biyu ana bugun fata. Kuma ba a kwanciya gaban tufuga, mai bugun jarfa, mutum shi kaɗai. Sai da abokin raɗaɗi, ana buga wa wannan, wancan na hutawa. Da aka zo neman abokin, Baba ya ɗaga kai ya dubi Fetu.

Namiji aka haife ta, amma tun tana rarrafe kowa ya ga inda ta dosa, ƙauyen kuma yana da sunan irinsu, fa'afafine, babu wanda ya taɓa ɗaga gira a kai. Da safe ta hau kwakwa ta sassaro, da rana ta zauna cikin mata tana saƙar tabarma. Ranar da Mama ta rasu ita ta haƙa kabarin, ita ta kuma shiga ta taje wa gawar gashi. Bai taɓa zuwa mata a rai cewa wata rana za a ce ta ɗauki ɗaya ta ajiye ɗaya ba.

Abu guda ta taɓa roƙo a rayuwarta, malu. Jarfar mata ce, siririya, daga cinya zuwa gwiwa, irin wadda Mama ke da ita. Tana ƙarama takan kwanta a bayan Mama tana bin ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu na bayan gwiwarta da yatsa, har Mama ta bige mata hannu ta ce cakulkuli take yi mata. To amma tufuga ya ce ba zai yi mata ba, pe'a ko babu. Fetu ta yi kukanta ta share, ta kwanta saboda Baba.

Kwana biyar ɗin nan bayanta aka yi. Yau ake sauka cinya. Kuma cinya ba ta ɗaukar jarfa biyu.

"Gwaggo, to yanzu ni fa?"

"Ke me?"

"Don shi na kwanta. Ya tafi."

Gwaggo ta jefa tsumman cikin ruwa.

"Kin san sunan da ake kiran wanda ya tashi bai ƙarasa ba. Guntu. Har jikokin jikoki sai an goranta musu. Gida ɗaya guntaye biyu? Ubanki ba zai sake shiga taron dattawa ba, ko da a ɗauke ne."

"Ni dai kullum ni ce marufin kunyar gidan nan."

"Ke ce mana. Wa kike so ya zama, ni da wannan ƙugun nawa?"

*

A babbar rumfar gida tufuga Lemisio ya riga ya shimfiɗa tabarmarsa. Tsoho ne siriri, ba ya son yawan magana. Matarsa Apaula, mai share jini da tawada, tana jera masa matazan ƙashi na bugun jarfa a faranti. Masu jan fata su biyu suna zaune sun sunkuyar da kai, alamar labari ya riga ya iso.

"Zauna," in ji tufuga. "Na ji abokinki ya tuna yana da aiki a ƙasar Turawa."

"Haka na ji."

"Shekara arba'in ina wannan sana'a, mutum uku suka taɓa guje mini. Shi ne na farko da ya gudu da matashin kaina."

Babu wanda ya yi dariya.

"Za ki iya ke kaɗai?"

Fetu ta dubi matazan, ta dubi cinyoyinta da ke cikin zani. Abin da ta daɗe tana dannewa ya taso mata.

"Da kun ba ni abin da na roƙa, da yanzu na warke ina rawa. Kwana ɗaya ake yin malu. Me na yi muku, tufuga? Ku kuka yi wa mahaifiyata. Don ba a haife ni mace ba shi ne hannunku ya fi ƙarfina?"

Apaula ta ajiye farantin. Ta kalli mijinta.

"Gaya mata."

"Apaula."

"Na ce ka gaya mata! Kwana biyar ina share jinin yarinyar nan, tana kallonka kamar kai ka kashe mata uwa. Na gaji. Wanda aka yi ƙaryar dominsa ma yana tsakiyar teku."

Tufuga ya daɗe yana murza sandar bugunsa a tafin hannu.

"Ni ban hana ki ba."

"Ban gane ba."

"Mahaifiyarki Talaleu ta zo gidana wata guda kafin ta rasu. Da ƙyar take tafiya. Ta ce, Lemisio, in na tafi ka yi wa Fetu irin nawa, sak, kar ka rage ko ɗigo. Na ce mata na ji na karɓa. Ta ce ta saƙa tabarmar da za a ba ni, tana wurin mijinta."

Ya nuna da haɓa. Can a jikin ginshiƙi, a naɗe, ga lallausar tabarmar nan mai jan gashin tsuntsu a baki, wadda aka ba shi ranar da aka fara aikin Lafaele. Fetu ta san ta. Shekara shida Mama ta yi tana saƙa ta, Fetu ce ma mai tsaga mata ganye. Kullum in ta tambaya ta wace ce, sai Mama ta ce ta wata mai tambayar tsiya ce.

"Watan jiya ubanki ya aiko aka ɗauke ni," in ji tufuga. "Ya ce in kin tambaya in ce ni na ƙi. Shi ne mai gida. Ba na taɓa fatar kowa sai da yardar mai gida."

 Fetu ta miƙe, zaninta ya kama bakin farantin, matazan suka watse a ƙasa, ba ta ko waiwaya ba.

*

Baba Simeona na kan kekensa a ƙaramar rumfa yana fuskantar teku. Tun da ciwon suga ya ci masa ƙafar hagu, shekara takwas ke nan, Fetu ce ƙafarsa. Ita ke ɗaga shi, ita ke yi masa wanka, ita ta san gwazar da yake iya taunawa.

"Ɗana, ka ji abin da ɗan'uwanka ya yi mana?"

Shi kaɗai ne a duk ƙauyen yake ce mata ɗana, kuma ba ta taɓa jin haushi ba, don ta san ɗansa ce ɗin.

"Na ji. Na kuma ji abin da kai ka yi mini."

Hannunsa da ke kan tayar keken ya tsaya.

"Lemisio ya yi surutu ke nan."

"Ko musu ba za ka yi ba, Baba? Ka yi mini musu mana. Ka ce tsohon ya rikice. Na rantse zan yarda."

"Zauna."

"Da wane bayan zan zauna?"

Baba ya sauke numfashi.

"Na san Lafaele ba zai kai ba. Tun yana yaro in ƙaya ta soke shi sai an kira fasto. Na san zai gudu."

"Ka sani?"

"Na sani. Ba don shi na kira tufuga ba. Don kai na kira shi."

Fetu ta dafa ginshiƙi.

"Saurare ni. Kwanakina sun ƙare, kai ma da kake wanke ni ka sani. In na mutu dangi za su taru, na birnin Apia da na ƙetare, waɗanda ko hanyar gonarmu ba su sani ba. Za su ce wa za a ba sarauta. Wa ya yi wa gidan nan bauta in ba kai ba? Amma na san bakinsu. Za su ce Fetu ai ta ɗakin mata ce, a bar ta da girki da ado. Su ba wani, shi kuma ya kawo matarsa, a wayi gari kana neman izinin tsinkar kwakwar da ka shuka da hannunka. Amma in ka tsaya a gabansu ka ɗage zani suka ga pe'a, cikakke, wanda ɗan Auckland ya kasa, wa zai buɗe baki?"

"Sai ka tambaye ni."

"Da ka ƙi."

"Da na ƙi mana! Ai nawa ne in ƙi!"

Muryarta ta fashe. Kajin da ke tsakar gida suka watse.

"Baba, yaushe na taɓa gudun aikin maza? Wa ya rufa maka rumfar nan bayan guguwa? Wa ke shiga teku? Ni ɗanka ne, ban taɓa musu ba. Amma ni 'yar Mama ce kuma. Bayana na ba ka, kafaɗuna na ba ka, shekara takwas ina ɗauke da kai. Wuri ɗaya na ce a bar mini. Ɗan wurin nan kawai, in riƙa dubawa ina ganin ta."

"Gata nake nema maka."

"Da tabarmarta? Shekara shida tana saƙa, idonta na ruwa, tana tari. Ka ɗauka ka biya aka rufe ainihin wurin da ta ce a bar mini. Kullum da yamma ina tura ka gaban kabarinta kana yi mata hira. Wannan ka gaya mata?"

Baba ya sunkuyar da kai. 

"Ka san abin da ya fi ci mini rai? Da ka zaunar da ni ka ce, Fetu, ina jin tsoro, wataƙila da na kwanta da kaina. Ka san ni. Ba ka taɓa roƙona abu na hana ka ba. Amma ka zaɓi ka yi mini wayo kamar baƙuwa."

Ta juya ta fita. Yana kira, ba ta tsaya ba.

*

Kabarin Mama na ƙofar gida, an shafe shi da farin fenti. Fetu ta kwanta rubda ciki a kan simintin, don ta haka kawai take iya kwanciya yanzu. Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'iza, don ranar tana da tukwane goma a wuta. Zuciyarta ta karye, kuma wanda ya karya ta shi ne mutumin da in an jima sai ta je ta ba shi maganinsa.

Ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Rana dai ta take, simintin ya fara ƙuna. Sai ta ji ƙauyen ya yi wani irin tsit, ko saran adda babu.

"Fetu." Muryar Gwaggo ce. "Tashi ki gani."

Ta ɗaga kai.

A tsakiyar fili, kan tsakuwa, cikin tsakar rana, ga mutum a durƙushe an lulluɓe da tabarmar Mama. Jan gashin bakinta na taɓa ƙasa. Keken na can gefe a kife, ga kuma sawun jan jiki tun daga rumfa.

Kowa ya san wannan. In gida ya yi wa wani gida babban laifi, laifin jini, mai gidan ne ke zuwa ya durƙusa a ƙofarsu a rufe shi da tabarma, ko rana ko ruwa ba ya motsi, sai waɗanda aka ɓata wa sun ɗaga da hannunsu. Amma uba ya yi wa abin da ya haifa? A gidansa? Ko tsofaffin da suka fito suka tsaya a bakin rumfunansu ba su taɓa gani ba.

"Wa ya ba shi tabarmar?"

"Da jan ciki ya je ya roƙi tufuga aro. Na ce a ɗauke shi, ya ce duk wanda ya taɓa shi bai yafe ba." Gwaggo ta share ido da bakin riga. "Sakarai. Tun yana yaro haka yake, sai ya fasa abu ya zo yana kuka ya fi mai abin."

"Bai sha magani ba. Bai ci komai ba tun safe."

"Na sani."

"Ki je ki ɗaga, Gwaggo. Ke ce yayarsa, ba ya ƙetare maganarki."

"Ba ni aka yi wa ba."

Fetu ta tsaya. Ranta bai huce ba, ko kaɗan. Tana so ya ji rana, tana so ya ji tsakuwa. Ta tsaya tana kallo har ta ga tabarmar ta fara karkata gefen da babu ƙafa.

Ba ta san lokacin da ta isa wurin ba. Ta kama bakin tabarmar ta yaye.

Fuskarsa ta yi fari, gumi ya jiƙa shi sharkaf, gwiwarsa guda na jini. Ta tallabe shi kamar yadda ta saba, jarfar bayanta ta tsage, ta ji ɗumin jini na bin ƙugunta.

"Ban huce ba, Baba," ta faɗa masa a kunne. "Don kar ka mutu mini a rana ne."

"Na sani." Ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. "Lemisio! Ka yi wa yarona abin da uwarsa ta ce. Na janye. A bar sarautar, a bar komai. Ka yi masa na Talaleu."

 Duk idanu suka koma kan tufuga, wanda ke tsaye a bakin rumfa.

Tsohon ya girgiza kai a hankali.

"Ka makara, Simeona."

"Ban gane ba. Ni ne mai gida, na ce na yarda!"

"Da kwana shida da suka wuce ka faɗa. Na riga na buga zanen kwalekwalen maza a bayanta. Ba a ɗora malu a ƙarƙashin guntun pe'a, ba a taɓa yi ba, ubana bai yi ba, kakana bai yi ba. Kuma babu tufugan da zai taɓa aikin da na fara. Ko ta ƙarasa, ko ta zauna haka."

Baba ya yi wani sauti da ba kuka ba, ba tari ba. Ya kama hannun Fetu da hannu biyu yana ta maimaita sunanta.

Ita kuwa idonta ya bushe. Ta ɗauke shi ta kai inuwa, ta ba shi ruwan kwakwa da maganinsa, ta wanke masa gwiwa ta ɗaure. Sannan ta koma fili ta ɗauko tabarmar Mama, ta kakkaɓe tsakuwar da ta maƙale, ta naɗe ta da kyau.

Ta shiga babbar rumfa.

"Fetu, ba dole yau ba," in ji Gwaggo.

"In na kwana ban kwanta ba, ba zan sake kwanciya ba. Ni ba guntuwa ba ce, Gwaggo. Ban taɓa barin aiki a rabi ba."

Ta kwanta rubda ciki, ta ja zaninta sama, ta sa tabarmar Mama a ƙarƙashin fuskarta. Har yanzu da ƙanshin man kwakwar hannun Mama a jiki.

"Gwaggo, ki yi mini waƙar."

Gwaggo ta fara waƙar da ake yi wa mai kwance, ta kai layi na biyu murya ta ƙi.

Masu jan fata suka matso, suka dafa saman cinyar dama, inda aikin yau zai fara. Fetu ta rufe ido. A zuciyarta ta ce, Mama, yi haƙuri, na so.

Ta ji tufuga ya tsoma mataji a tawada. Ta ji ya gyara zama. Ta ji shirunsa ya yi tsawo fiye da kullum.

"Ku sauko da hannunku," ya ce.

"Ina, tufuga?"

"Ƙasa. Ƙara. Nan."

Sanyin ƙashi ya sauka a fatarta. Ba a cinya ba. A bayan gwiwa, daidai wurin da yatsanta ya saba bi.

Fetu ta buɗe ido.

"Lemisio," Apaula ta yi raɗa, "ba nan ake farawa ba. Kuma wannan ƙaramin matajin ai na mata ne. In dattawa suka gani, sun karɓe maka kayan aiki."

"Na yi wa matacciya alkawari. Riƙe tsummanki."

Ya ɗaga sanda.

Tak.